Kujerar da Ke Hagun Baba Mai Agogo

SHAFI NA 4

Ku yi min afuwa. Ni mai karanta na wasu ce, ban taɓa zaton zan yi ƙarfin halin rubuta nawa ba. Wannan shafin sau uku ina goge shi. Wadda ta ce na cika dogon bayani, na ji, na rage. Masu cewa suna son yarinyar labarin kuma, ku dakata tukuna ku karanta wannan.

*

Saura kwana tara garinmu ya cika shekara ɗari aka sa gwajin hira da Baba Mai Agogo.

Ɗakin taron makarantar firamare sai warin fenti yake. 'Yan sa-kai sun baje kujerun roba a tsakar fili suna wankewa, Anti Tela ta kafa kekenta a baranda tana ɗinka ƙananan tutoci, shi kuma Mai Wayarin yana kan tsani yana ɗaure lasifika biyu a jikin ginin ta waje, bakinsu na kallon filin ƙwallo inda za a yi bikin.

Ni ce na yi wata huɗu ina zuwa shagon Baba. Ni ke kula da ɗakin karatu na gari, shi ya sa kwamitin biki ya ɗora min tattara tarihi. Duk Talata da Alhamis da hantsi ina kan ɗan bencin da ke gefen teburinsa. Shekarunsa casa'in da ɗaya, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga garin nan yana layi biyu da tashar jirgi. Na cika littafi guda mai baƙin bango da maganarsa. Ban faɗa wa kowa ba, amma har kayan da zan sa ranar da zan zauna kusa da shi a dandamali na riga na goge na rataye.

Sai Yaya ta dawo daga birni.

"Tunda Allah Ya kawo mana mai muryar rediyo," in ji tsohon Hedimasta, shugaban kwamiti, "ai magana ta ƙare. Ke kuma Tabarau, sai ki miƙa wa yayarki littafin."

Aka yi tafi. Ni ma na yi, har hannuna ya yi zafi.

Washegari da safe na ba ta littafin. Amma kafin nan na ɗora rula na yage takardar farko.

Abu uku ne a jikinta, na rubuta su tun makon farko don kada in manta. Kunnensa na hagu ya daina ji tun wata rashin lafiya da ya yi bara waccan, sai a zauna a damansa. Kada a tambaye shi shekara, lissafi na rikita shi, ya ji kunya ya yi shiru. A tambaye shi wa da wa ke wurin. A sa masa agogo a hannu, don sai yatsunsa na aiki bakinsa ke buɗewa.

Maganar kunnen ba wanda ya sani, har 'ya'yansa. Ni ma lura na yi, kullum kunne ɗaya yake kai wa agogo. Ranar da na tambaye shi ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "'Yar littafi, idan suka ji za su rufe min shago su ajiye ni a falo kamar hoto. Ki bar shi a cikinki."

To na ce wa kaina amana na riƙe, shi ya sa na yage takardar. Tana ninke cikin gidan tabarau ɗina, kuma duk sanda na buɗe sai in sake faɗa wa kaina hakan.

Ranar gwajin, ƙarfe huɗu saura, wani direba maƙwabcin Baba ya sauke shi a ƙofa ya wuce. Anti Tela ta tsayar da keke.

"Baba, wannan ai rigar ranar biki ce. Jiya fa na gama ɗinka ta."

"Ba gwaji kuka ce ba? Ita ma na kawo ta ta gwada."

Masu wankin kujeru suka yi dariya. Ya shigo a hankali yana dogara sanda, rigar fara tas, har layin guga bai baje ba. Da ya hango ni a layi na uku sai ya ɗaga min sandar kaɗan.

"'Yar littafi, kin iso?"

"Na iso, Baba. Sannu da zuwa."

Yaya tana kan dandamali tana jan kujeru. Ko jan kujera ta iya, ba ta yin ƙara. Ta zaunar da shi a tsakiya, ta ja baya ta dubi taga, ta dubi inda mai hoto zai tsaya, sannan ta ɗauki tata kujerar ta ajiye a hagunsa.

"Wannan gefen fuskar tawa ya fi ɗaukar hoto," ta ce tana dariya. Ta juyo gare ni. "Tabarau, nan ya yi?"

Kalma uku kawai ake bukata. Koma ɗaya gefen. Ba sai na ambaci kunne ba, ba sai na ci amanar kowa ba. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba.

Na kalli yadda ta riƙe littafina a ƙirjinta, ta manna masa ƙananan takardu masu launi a gefe kamar nata.

"Ya yi," na ce.

Baba ya kalle ni. Na cire tabarau na hau gogewa.

Mai Wayarin ya leƙo ta taga. "Na haɗa. Amma ku sani, sautin waje yake fita, ku a ciki gunji kawai za ku ji. Duk abin da kuka faɗa har masu shago a bakin titi za su sha labari."

"Haka ake so," in ji Hedimasta. Ya zauna da takardar tsarin biki da jan biro. "Abu na bakwai. Bismillah."

Yaya ta ɗaga makirufo. Ku da ba ku taɓa jin muryarta ba, ba zan iya kwatanta muku ba. Masu wankin kujeru sai da suka ajiye soso suka taru a taga.

"Jama'ar garinmu, yau muna tare da uba, kuma kaka, wanda idonsa ya ga abin da namu bai gani ba. Baba, a wace shekara aka kawo babban agogon tashar jirgi?"

Baba yana kallon gaba yana murmushi.

Fanka na juyawa a sama. Daga waje muryar Yaya ta dawo a dagule, kamar ana magana cikin randa.

"Baba?"

Ya ga bakinta ya motsa. Ya fara juyo da kansa gaba ɗaya don ya kawo kunnen dama.

"Baba, fuskanci jama'a," in ji Hedimasta. "Ranar akwai masu hoto, kada su ɗauki ƙeyarka."

Ya mai da fuskarsa gaba.

"Na ce a wace shekara aka kawo agogon tasha?"

"Lafiya lau," in ji Baba. "Sai godiya."

Wani a taga ya tuntsire da dariya, aka ce masa shhh. Yaya ta yi murmushin aiki, ta buɗe wani shafi.

"To Baba, ka ba mu labarin mahaifinka."

"Na'am?"

"Mahaifinka."

"E, ta yi kyau. Anti Tela ce ta ɗinka."

Wannan karon dariyar ta fi ta farko. Hannayensa na kan gwiwa, babu komai a cikinsu, yatsun sai motsi suke kamar suna neman abin kamawa. Yaya ta ƙara tambaya biyu. Ta ƙarshen bai ma gwada amsawa ba, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Zan faɗi gaskiya tunda na fara. A minti na farko daɗi na ji. Na ga gumi ya tsattsafo a goshin Yaya, na ga tana juya shafukan littafina tana neman abin da ba ya ciki, wani abu a ƙirjina ya ce, to, mai muryar rediyo, ga fili.

Sai tsohuwar Nas, wadda ke shugabantar masu agajin gaggawa na bikin, ta tashi ta je wurin Hedimasta. Suka tsaya a gindin dandamali, ta rage murya.

"Malam, na sha ganin irin wannan. Da safe ka same su garau, da yamma sai a hankali. Shekaru ne."

"Amma yarinyar nan ta cika littafi da maganarsa."

"Wata huɗu ai ba kwana huɗu ba ne. Ƙwaƙwalwa idan ta fara sauka ba ta sallama. Kada mu kunyata shi gaban baƙi."

"To me kike gani?"

"A zaunar da shi a layin gaba, a ambaci sunansa, a tafa masa. A ƙara wa 'yan makaranta lokacin fareti."

Hedimasta ya cire murfin jan biro.

Sun ɗauka ba ya jin su. Amma a damansa suke tsaye, taku uku tsakaninsu. A duk ɗakin nan ni kaɗai na san cewa babu kalma ɗaya da ta wuce shi. Na ga ya kai hannu ya shafa hannun sabuwar rigar, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ya sake shafawa.

"Haba Malam," in ji Anti Tela daga ƙofa, almakashi a hannunta. "Mutum ya zo da rigarsa. Ku bari ya sha shayi ya huta, a sake gwadawa sau ɗaya."

Hedimasta ya duba agogonsa. "Minti goma sha biyar. Idan ba ta canza ba, na soke."

Anti Tela ta hau ta kama hannun Baba ta fita da shi baranda. Bai kalli layi na uku ba.

Ina shirin miƙewa na ji an riƙe min wuyan hannu.

"Zo ki taya ni nemo wani abu a sito," in ji Yaya. Murmushi take, saboda mutane.

Sito ɗin makarantar ɗan ƙarami ne, cike da karyayyun bencina da gwangwanayen fenti da allon da aka rubuta SHEKARA ƊARI bai bushe ba. Ta tura ƙofa da ƙafa. Murmushin ya tafi.

Ta buɗe bangon littafin ta miƙo min shi daf da hanci.

"Karanta min lambar nan."

"Wace lamba?"

"Ta saman kusurwa. Da ɗan da'irar da kike zagaye ta da shi."

Na duba. Uku.

"Tun kina aji biyu kike sa wa shafukan littafinki lamba," ta ce. "Har littafin zane. Har na lissafin Mama na kicin sai da kika bi kika sa masa. Yau kuma ga littafinki ya fara daga uku. Ina ɗaya da biyu?"

Na yage takardar da rula don kada a ga alama. Lambar ce ban tuna ba.

"Shayi ne ya zube a kai."

"Shayi."

"E."

"Ke? Da ko ruwa ba kya bari a shigo da shi ɗakin karatu? Da kika yi kwana biyu ba ki min magana saboda na ɗora kofi a kan ƙamus?"

Na kau da kai gefe.

"Me ke jikin takardar?"

"Ba komai. Kwanan wata ne da su..."

"Kalle ni. Cire wannan gilashin da kike ɓuya a bayansa ki kalle ni."

Ban cire ba. Amma bakina ya buɗe da kansa, kuma abin da ya fito ba shi na shirya ba.

"Ke ai ba kya bukatar takarda. Kina da murya."

"Au."

"Wata huɗu, Yaya. Na san wace rana ƙafarsa ke ciwo. Na san sunan jakin da ya jawo amalanken agogon. Kin zo ranar Asabar, ranar Litinin an ba ki kujera. Ko shagonsa ba ki san inda yake kallo ba."

"Ni na roƙa?"

"Ba kya roƙo ai. Shigowa kawai kike, a miƙo miki. Ranar rabon kyaututtuka ni na rubuta jawabin, ke kika karanta, har yau Mama na cewa ranar da yayarki ta sa Hedimasta hawaye."

"Ke kika ce ba za ki iya hawa ba. Kika shige banɗaki kika kulle."

"Ina da shekara tara."

"Yanzu fa? Da Hedimasta ya ce a ba ni, me ya hana ki buɗe baki? Tafi kika yi. Na gan ki. Kin fi kowa tafi."

Na tsaya ina kallon allon da bai bushe ba, fenti ya ɗan zubo daga ƙasan harafi ɗaya.

Yaya ta zauna a kan wani benci mai ƙafa uku, ya karkata, ta dafe bango.

"Kin san me ya dawo da ni?"

"Hutu kika ce."

"Hutu." Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Wata biyu ke nan da suka sallame ni. Sun rage ma'aikata. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ban taɓa yin hira da kowa a gidan rediyon nan ba. Sanarwa nake karantawa. An tsinci akuya, an ɗage taro, wane ya rasu. Minti huɗu, sau biyu a rana. Shi ne muryar rediyon da ake ta faɗa."

"Mama ta sani?"

"Idan ta ji daga bakinki, sai na ƙona ɗakin karatun nan da ke a ciki."

Ta buɗe littafin a tsakiya, inda ta manna koriyar takarda.

"Kwana uku ina karanta wannan. Wurin da ya ce mahaifiyarsa na gane jirgin safe da rawar da ruwa ke yi a tulu. Na karanta na rufe, na ce yarinyar da nake wa tsifa ce ta zauna ta ciro wannan daga bakin tsoho. Ni da za a ba ni shekara ba zan iya ba. Ɗazu da na gaishe shi cewa ya yi, 'yar waye wannan? Ke kuwa tun daga ƙofa yake ɗaga miki sanda."

Na so in ji tausayinta, kuma na ji, kaɗan. Amma ko a sito, a kan karyayyen benci, da kwalli ya ɗan zubo mata, kyau ta yi. Har asirinta ya fi nawa daɗin faɗa.

"Ba don ni ba," ta ce. "Ni na saba, an riga an kore ni a inda ya fi nan. Amma kin ga hannunsa? Kin ga yadda yake shafa rigar nan?"

"Na gani."

"To me ke jikin takardar?"

Gidan tabarau na cikin jakata, jakar na rataye a kafaɗata. Na ji nauyinsa kamar an sa dutse.

"Na ce miki shayi ne."

Ta kalle ni, kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ba fushi ba ne. Ta miƙe, ta kakkaɓe bayan zanenta, ta goge ƙasan idonta da ɗan yatsa.

"Shi ke nan. Bari in je in wanke fuska, in hau in ƙarasa kunyata tsohon mutane."

Ta fita ta bar ƙofar a buɗe.

Na ƙirga har ashirin, ban san dalili ba. Sannan na leƙa ɗakin taro. Babu kowa sai fanka. Duk suna baranda wurin shayi, ina jiyo Nas tana ba da labarin wani tsoho da ya taɓa kiran ta da sunan matarsa. Takardar Hedimasta na kan tebur, jan biro a kanta ba murfi, ya riga ya ɗiga ɗigo a gefen lamba bakwai.

Na hau dandamali. Karo na farko ke nan da na taka shi, kuma ba kowa a kujerun.

Na ɗauki kujerar Yaya na zagaya da ita dama. Ni tawa ta yi ƙara, sai da na tsaya na saurara. Na jawo wayar makirufo ta biyo ta. Na fito da takardar, na ninke ta daidai ƙarƙashin layin farko, na tsaga a hankali, na mai da guntun da ke maganar kunne cikin gidan tabarau. A saman abin da ya rage na rubuta da fensir: Ki zauna a nan. Kada ki tambaye ni dalili. Na ɗora makirufo a kai.

Saura agogo. Babu wani a kusa sai nawa. Na kwance shi daga hannuna na ajiye a kan kujerar Baba.

Na ji takun mutane. Na sauka ta bayan dandamali, na bi ƙofar da masu shara ke bi, na fito bayan ajujuwa inda ake jibge tsofaffin tebura. Daga nan zuwa ƙaramar ƙofar makaranta bai fi taku hamsin ba, sai dai dole a bi ta ƙarƙashin lasifika.

Ina tsakiyar hanya suka yi ƙara suka kama.

Ƙarar takarda. Sannan muryar Yaya, ba irin ta ɗazu ba, ta sauko ƙasa kamar tana magana a ɗaki.

"Baba, ranar da aka kawo agogon tasha, wa da wa ke wurin?"

Na tsaya.

Na ji wani ɗan sauti da na sani, ƙaramin ƙas-ƙas na farce a bayan agogo. Makirufo ya ɗauko shi ya watsa wa filin ƙwallo.

"Kowa," in ji Baba. "Har marasa lafiya an fito da su. A amalanke aka kawo shi, an naɗe shi da bargo kamar jariri. Mahaifina ne ya hau tsani ya ɗaura shi, ni ina riƙe da ƙafar tsanin, wai ina taimako."

Dariya ta tashi a ɗakin, irin wadda ake yi tare da mutum.

"Sai me ya faru, Baba?"

"Sai ya ƙara masa minti goma."

"Da gangan?"

"Da gangan mana. Ya san mutanenmu. Ya ce idan aka ba su lokaci daidai, jirgi zai riƙa tafiya da kujeru babu kowa. Shekara bakwai garin nan yana gaban duniya da minti goma, ba wanda ya sani sai ni da shi da direban jirgi. Kowa na yabon jirginmu, wai shi kaɗai ne ke jiran mutane."

Tafi ya ɓarke. Masu wankin kujeru suka bar bokitai suka ruga taga. A bakin titi na hango mai gyaran keke ya miƙe tsaye da sifana a hannu yana dariya shi kaɗai. Muryar Hedimasta ta shigo daga nesa, "Abu na bakwai yana nan. A ƙara masa minti goma ma."

Wannan labarin sai da na yi wata biyu a bencin nan kafin ya ba ni shi. Ranar ya sa na rufe ƙofar shago, ya ce bai taɓa faɗa wa kowa ba. Yana shafi na hamsin da ɗaya. Yanzu ga shi a bakin titi, kuma gobe duk garin za a ce, kin ji abin da yarinyar rediyo ta ciro daga bakin Baba?

Na ji daɗi, wallahi na ji. Kuma na ji kamar in koma in kwashe kujerar in mayar hagu. Duka biyun a ƙirji ɗaya.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yata," in ji Baba. "Kin iya tambaya."

Ni bai taɓa ce min 'yata ba.

Na ci gaba da tafiya. Saura taku kaɗan in kai ƙofa sai ƙas-ƙas ɗin ya tsaya.

"Dakata," ya ce. "Wannan agogon na san shi."

"Na'am, Baba?"

"Ni na sa masa gilashi watan jiya. Ga inda na ɗan karce shi da wuƙa." Lasifika ta yi ta huci. "Mutum ɗaya ce a garin nan ta san inda ake zama idan za a yi magana da ni. Kuma ɗazu tana nan a layi na uku, aka tambaye ta, ta ce ya yi."

Ba wanda ya yi dariya.

"Ina 'yar littafi? Ku kira min ita."

Na ji kujeru na motsi. Na ji Anti Tela na cewa yanzun nan fa na gan ta. Duk fuskokin da ke taga ciki suke kallo.

Na zare sakatar ƙaramar ƙofa a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba, na fita, na mayar da ita. Na kai hannu in duba lokaci, sai na tarar da wuyan hannuna babu komai.